Duba Da Sayen Asiri: Ina Kuɗinka Ke Tafiya?

DARASIN WANNAN WATA

Darasinmu na wannan wata a kan duba ne, da kuma masu sayar wa mutane karatun asiri da tsada. Darasin yana da ɗan tsawo, saboda haka an raba shi kashi-kashi. A karanta kashi ɗaya, a tsaya a tattauna, sannan a wuce. A ƙarshe akwai tambayoyi da aikin lissafi.

Tun farko bari mu kawar da wata shakka. Ba da malaman da ke karantar da jama'a a zaure muke ba. Ba kuma da masu maganin gargajiya na sassaƙe da ganye muke ba. Muna magana ne a kan mutumin da zai ce ya san abin da ke ɓoye, ko abin da zai faru gobe, in dai za ka biya shi.

1. Su wa ke zuwa wurin mai duba?

Mu ɗauki unguwar Gyallesu ta Zariya misali. Gyallesu tana maƙwabtaka da Tudun Wada da Kongo. Ɗalibai da yawa suna haya a cikinta, saboda manyan makarantun da ke kusa da ita. Akwai 'yan kasuwa, akwai ma'aikata, akwai masu sana'ar hannu. Mutanen karkara daga Dambo da Wuciciri da Dutsen Abba su ma suna shigowa wannan yanki, wasu cin kasuwa, wasu asibiti, wasu zumunci.

Kowa da abin da ke damunsa. Ɗalibi yana fargabar jarrabawa. Ɗan tireda ya ga ciniki ya ja baya. Manomi an sace masa shanun huɗa. Wata ta shekara biyar a ɗakin miji ba ta ko yi ɓatan wata ba. Wata kuma manema suna zuwa suna komawa. Wanda ke cikin irin wannan hali yana son ya san dalili, yana kuma son ya san yadda za ta ƙare. Wannan ba wauta ba ce. Haka zuciyar ɗan Adam take.

Mai duba ya san da haka, kuma a nan kasuwarsa take ci. A Gyallesu, kamar sauran unguwanni da ƙauyukan ƙasar Hausa, ba ka rasa wanda zai raɗa maka cewa ya san wani malam mai aiki kamar yankan wuƙa. Yanzu ma ba sai ka taka ƙafa ka je ba. Suna talla a wayar hannu, a Facebook da TikTok da WhatsApp. Ka tura kuɗi ta banki, a duba maka daga nesa.

2. Yadda ake bugun ƙasa

Duba iri-iri ne. Wani da carbi yake yi, wani da wuri, wani da ƙwaryar ruwa ko madubi. Wani kuma ya ce aljani ke gaya masa. Wanda aka fi sani a ƙasarmu shi ne bugun ƙasa. Larabawa suna ce masa ilimin ramli. Ramli kuwa shi ne rairayi.

Ga yadda ake yi. Mai duba zai baza rairayi a gabansa. Zai riƙa dangwala yatsa da sauri, yana yin ɗigo-ɗigo a jere, ba tare da ya ƙirga ba. In ya gama layi, sai ya bi yana share ɗigon biyu-biyu. A ƙarshen layin, ko dai ɗigo ɗaya ya rage, ko biyu. Babu na uku. Layi huɗu su ne ke ba da siffa guda.

To, mu yi lissafi. Layin farko hanya 2 gare shi. Na biyu ma 2, na uku 2, na huɗu 2. Sai mu ce 2 sau 2 sau 2 sau 2. Amsa ita ce 16. Shi ya sa siffofin ƙasa 16 ne, ba ƙari ba ragi. Kowace siffa an ba ta suna, an kuma ba ta ma'ana, kamar tafiya ko dukiya ko ciwo ko ɗauri. Waɗannan ma'anoni su ne mai duba ya hardace.

Me ke sa ɗigo ɗaya ya rage ko biyu? Yawan dangwalar yatsa ne kurum. Ɗebi gyaɗa cikin tafin hannunka, ka ware ta biyu-biyu. Wani lokaci ta ƙare daidai, wani lokaci ƙwaya ɗaya ta yi saura. Gyaɗar nan ba ta san ɓarawon shanunka ba. Haka rairayin mai duba. Shi ya sa in aka kai tambaya ɗaya wurin masu duba uku, sau da yawa da amsa uku ake dawowa.

3. Turawa ma suna da nasu

Kada wani ya zaci duba sai a ƙasarmu, ko sai wanda bai yi boko ba. Turawa ma suna yi. Suna da wata irin karta mai suna tarot. Katunanta 78 ne, wasu da hoton rana, wasu wata, wasu sarki, wasu mutuwa. Mai duba zai gauraya su, ya jera, ya buɗe, ya ce ga abin da zai same ka.

Asalin wannan karta wasa ne. An fara yin ta a arewacin Italiya wajen shekarar 1440, masu sarauta suna wasa da ita don nishaɗi. Haka aka yi ta yi fiye da shekara 300. A 1781 wani Bafaranshe mai suna Court de Gébelin ya rubuta cewa wai kartar tana ɗauke da asirin mutanen Masar na zamanin Fir'auna. Bai kawo hujja ba. A lokacin ma babu mai iya karanta rubutun zamanin Fir'auna, sai a 1822 aka gano yadda ake karanta shi. Amma labarin ya yi wa mutane daɗi, suka karɓa. Daga nan kartar wasa ta koma kayan duba. Saboda haka in an ce maka abu tsohon asiri ne, tambayi wanda ya fara faɗin haka.

4. Me ya sa maganar mai duba ke yin daidai?

Wani zai ce, ai ni an taɓa duba mini, kuma abin da aka faɗa ya yi daidai. Ba mu ƙaryata ka ba. Amma ga hanyoyi biyar da ke kawo haka.

Ta ɗaya, magana mai shiga kowa. "Kana da maƙiya cikin na kusa da kai." "Kana yi wa mutane alheri, su saka maka da sharri." "Akwai kuɗinka a hannun wani." Wane ne wannan magana ba ta shafa ba? A 1948 wani malami a Amurka mai suna Bertram Forer ya gwada wannan a kan ɗalibansa 39. Ya ce zai rubuta wa kowa bayanin halinsa. Ya ba kowa takardarsa. Ya ce su ba bayanin maki daga 0 zuwa 5, gwargwadon yadda ya dace da su. Da aka haɗa makin aka raba, ya haura 4. Daga baya suka gane magana ɗaya ce ya ba su duka. Ya tsinto ta ne daga wani littafin duban taurari da ya saya wurin mai jarida.

Ta biyu, kallo da saurare. Tun kana sallama yake karantar ka. Kantar hannunka ta gaya masa manomi ne kai. Shekarunka da suturarka da fuskarka duk suna magana. Sai ya jefa zance, ya ce, "Na ga wata mace tsaye a kan al'amarin nan." Ya yi shiru. Kai da bakinka za ka ce, "Ko kishiyar uwata ce?" Ya ce, "Ita ce kuwa." Ka fito kana cewa malam ya gano ta, alhali kai ka faɗa.

Ta uku, 'yan rahoto. Wanda ya raka ka yana iya zama mai cin kamasho. Waɗanda ka tarar a zaure suna jiran layi, suka ja ka da hira, wani lokaci yaran gidan ne. Kafin ka shiga, labarinka ya riga ka. Mai duba na waya kuwa, shafinka na Facebook ya ishe shi.

Ta huɗu, dace. A ce mata masu ciki 100 sun je, ya ce wa kowace namiji za ta haifa. Wajen 50 za su haifi maza, da duba ko babu duba. Waɗannan 50 su ne za su yi ta yaɗa sunansa a gidan suna da gidan biki. Sauran 50 su yi shiru, don ba mai son a san ya je.

Ta biyar, ƙofar gudu. Mai duba ba ya magana bai bar wa kansa mafita ba. In abu ya faru, aikinsa ne. In bai faru ba, kai ka karya sharaɗi, ko maƙiya sun sake shiri, sai an ƙara aiki. Ta kowace fuska shi ke da riba.

5. An gwada su a fili

An yi wani shahararren mai wasan rufa-ido, haifaffen Kanada, sunansa James Randi. Da yake sana'arsa ce, ya san dabarun ruɗar ido. A 1964 ya sa Dala 1,000, ya ce na duk wanda ya iya nuna sanin gaibu ko wani ikon ɓoye a gaban shaidu ne. Sharaɗinsa shi ne a amince da yadda za a yi gwajin tun kafin a fara. A 1996 kuɗin ya kai Dala miliyan 1. Fiye da mutum 1,000 suka nemi shiga. Har aka rufe gasar a 2015 babu wanda ya ci.

Mu ma muna da namu ma'auni. Hausawa sun ce in mutum ya ce zai ba ka riga, dubi ta wuyansa. Wanda ya san gobe, ai ya san farashin masara na watan gobe. Da sai ya nufi kasuwar Giwa ya saye hatsi, ya huta. Me zai sa ya zauna jiran 'yan canjinka?

6. Yadda kuɗi ke zurarewa

Mai duba ba ya fara da babban kuɗi. Da farko kafin alƙalami ne, abu kaɗan. Wani ma ya ce kawo abin da ya sawwaƙa. Bayan ya duba sai ya girgiza kai, ya ce al'amarin da nauyi, gara da ka zo yau. Tsoro ya kama ka. Daga nan sai jan zakara. Sai wani turare wanda a wurinsa kaɗai ake samu. Sai baƙin bunsuru. Kowane mataki ya fi na baya tsada.

In ka so tsayawa, sai zuciyarka ta ce ai ka riga ka kashe da yawa, ƙarasa kawai. Shi kuma ya ce barin aiki a tsakiya haɗari ne. Zai kuma gargaɗe ka kada ka gaya wa kowa, wai aikin zai lalace. Wannan gargaɗi shi ne katangarsa. Ya san ranar da ka gaya wa yayanka ko limamin unguwa, ranar ce cinikin zai ƙare.

Mafi muni su ne masu cewa aljanu za su ninka kuɗi. Wannan tarko ya kama har manya. A 1995 wani mutumin Mali mai suna Babani Sissoko ya shiga Bankin Musulunci na Dubai. Ya shawo kan wani manajan bankin cewa yana iya ninka kuɗi ta hanyar asiri. Daga 1995 zuwa 1998 Dala miliyan 242 suka fita daga bankin. Kotun Dubai ta ɗaure manajan, ta kuma yanke wa Sissoko hukuncin ɗauri a bayan idonsa. Manajan nan ya yi karatu, ya iya lissafi. Kwaɗayi ne ya rufe masa ido, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

7. Masu sayar da karatun asiri

Akwai wata kasuwa kuma. Ita ce ta masu cewa zo mu koya maka. Za su ce cikin kwana 40 za ka iya duba da kanka, ko ka mallaki rauhani mai yi maka hidima. Akwai kuɗin rajista. Akwai kuɗin laƙani, da na izini, da na shiga halwa. Karatun hawa-hawa ne. In ka gama hawa na ɗaya ba ka ga kome ba, sai a ce asirin yana hawa na biyu. In ka yi ƙorafi, sai a ce zuciyarka ce ba ta yi tsarki ba. Laifi kullum na ɗalibi ne.

Me ake sayarwa a ciki? Ga misali ɗaya. Za a zana maka gidaje tara da lambobi, a ce babban asiri ne:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Tara layin farko: 4 da 9 da 2, sun ba da 15. Tara na biyu da na uku. Tara daga sama zuwa ƙasa. Tara daga kusurwa zuwa kusurwa. Ko'ina 15 za ka samu. Abin sha'awa ne ƙwarai, kuma lissafi ne. Mutanen Sin sun san shi tun zamanin da. Wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi littafi a kan hanyoyin tsara irin waɗannan gidaje. A zamaninsa an haɗa wannan fanni da ilimin asirai. Yau masana lissafi suna nazarin aikinsa saboda hikimar lissafin da ke ciki. Ga shi kai ma ka koya yanzu, ba ka sayar da akuya ba.

Irin wannan karatu yana iya cin rai ma. A watan Oktoba na 2009 wani Ba'amurke mai suna James Ray ya tara mutane fiye da 50 a jihar Arizona. Kowa ya biya kusan Dala 10,000 don a koya masa ƙarfin ruhi. Ya shigar da su wata bukka da aka rufe ruf, aka cika ta da zafin duwatsun da aka gasa. Ya ce su daure, nasara tana gaba. Mutum uku suka mutu. A 2011 kotu ta ɗaure shi shekara 2.

Yanzu kwatanta da karatun gaskiya. A zaurukan malaman birnin Zariya ana karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Ƙofa a buɗe take, littafin yana kasuwa, kowa yana jin abin da malam ya faɗa. In ya yi kuskure wani malami zai gyara. Yaron da aka kai koyon ɗinki, bayan wata shida za a ga rigar da ya ɗinka. Karatun gaskiya ana ganin amfaninsa, kuma ba ya tsoron tambaya. Wanda aka ce sai a ɓoye, sai da kuɗi masu yawa, kuma ba a tambaya, a yi hattara da shi.

8. Hasarar da ta fi ta kuɗi

Kuɗi in sun tafi ana iya samun wasu. Akwai abin da ba ya dawowa.

Na farko zumunci. Mai duba ba ya cewa ciwon nan sauro ne ya kawo shi, don ba zai sami kome a wannan amsa ba. Sai ya ce hannu aka sa maka. Hannun wa? Kishiya, ko suruka, ko ɗan uba, ko tsohuwar da ke maƙwabtaka da ku. Aure ya mutu, 'yan'uwa su daina gaisawa, a kira baiwar Allah mayya a tsakiyar gari. Duk a kan ɗigon rairayi.

Na biyu lafiya. Mutum yana tari mako da makonni, yana ramewa, yana gumi da dare. Mai duba ya ce sammu ne. A yi wata uku ana hayaƙi, ciwo yana ci, yara suna ɗauka. Alhali waɗannan alamun tarin fuka ne. Ana gwajinsa, ana kuma ba da maganinsa kyauta a asibitocin gwamnati. Maganin wata 6 ake sha. A nan Zariya akwai babbar cibiyar wannan ciwo a Saye. Haka farfaɗiya, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma akwai maganin da ke tsayar da faɗuwar. Rashin haihuwa kuma yana iya zama daga mijin, yana iya zama daga matar. Gwajin asibiti ne ke nunawa, in su biyun suka je.

9. Me addini da doka suka ce?

Alƙur'ani mai girma, a Suratun Namli aya ta 65, ya nuna sanin gaibu na Allah ne Shi kaɗai. Imam Muslim ya ruwaito hadisi mai nuna cewa wanda ya je wurin mai duba ya yi tambaya, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya yi hani ga duba da rairayi da duban taurari a littafinsa Nurul Albabi. 'Yan'uwanmu Kirista ma, a Maimaitawar Shari'a sura ta 18, an hana su duba.

Wasu sukan sake wa duba suna, su ce istihara za a yi maka. Istiharar da aka koyar ita ce mutum ya yi nafila raka'a biyu da kansa, ya roƙi Allah zaɓin alheri. Ba a biyan kuɗi, kuma ba ta faɗin sunan maƙiyi.

Ta fuskar doka, karɓar kuɗin mutum ta hanyar ƙarya laifi ne. Sashe na 419 na dokar laifuffuka ta Nijeriya a kan haka yake, daga nan aka sami sunan 'yan 419. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta sa zamba cikin laifuffuka, ta kuma hana jifan mutum da maita. Wanda aka cuta yana iya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Kunya ba ta mai ƙara ba ce, ta macuci ce.

10. Abin da za ka yi

Mafi alheri kada ka je. In kuwa ka taɓa zuwa, ko wani naka ya saba zuwa, ɗauko biro da takarda. Ja layi a tsakiya. A dama rubuta abin da mai duba ya faɗa ya faru. A hagu rubuta abin da ya faɗa bai faru ba. Maganar da ta shafi kowa, kada ka ƙirga ta. Wadda kai ka fara faɗa masa, ita ma cire ta. A ƙasa rubuta duk kuɗin da ka kashe, har da na mota. Zuciya tana mantuwa, takarda ba ta yi. Ka dubi abin da ya rage a dama, ka dubi kuɗin, ka yanke wa kanka hukunci.

Sannan kowace damuwa a kai ta inda ya dace. Ciwo, a je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ko Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko Asibitin Koyarwa na Shika. Sata, a gaya wa mai unguwa da 'yan sanda. Zancen gona, a nemi malamin gona. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, ana kuma faɗa a rediyo. Su da awo suke aiki, suna faɗa a fili, kuma kowa yana iya gani in sun yi kuskure. Rikicin gida kuwa, a zauna da dattawa da liman. A yi addu'a, a kuma tashi a nema.

In wani ya ce ka kawo kuɗi yau-yau, ka kwana uku tukuna. In ya ce kada ka gaya wa kowa, ka gaya wa mutum biyu.

SABABBIN KALMOMI

Gaibu: abin da ke ɓoye, wanda ba a gani ba.
Siffa: kamannin abu.
Hujja: abin da ke tabbatar da magana.
Sharaɗi: ƙa'idar da aka ɗora wa mutum.
Hasashe: faɗin abin da ake zato bisa awo da lura.

TAMBAYOYI

1. Siffofin ƙasa nawa ne? Yaya aka sami wannan adadi?
2. Don me aka fara yin kartar tarot?
3. Faɗi hanyoyi uku da ke sa maganar mai duba ta yi kamar daidai.
4. Me ya sa mai duba ke cewa kada ka gaya wa kowa?
5. Mene ne bambancin karatun zaure da karatun asiri na kuɗi?
6. Mutumin da ya daɗe yana tari yana ramewa, ina ya kamata a kai shi?

AIKIN LISSAFI

Wannan misali ne don koyo. Wani manomi ya biya kafin alƙalami Naira 2,000. Ya sayi zakara Naira 8,000, turare Naira 25,000, bunsuru Naira 60,000. Ya je sau 6, kowane zuwa kuɗin mota Naira 1,500.

1. Nawa ya kashe a mota?
2. Nawa ya kashe gaba ɗaya?
3. Tambayi kuɗin buhun taki a kasuwarku. Buhu nawa wannan kuɗi zai saya?

A rubuta amsa a littafin aiki, a nuna wa malamin aji. Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa mutanen gidansu, musamman waɗanda ba su fara zuwa aji ba. Allah Ya tsare mu daga sharrin macuta. Sai wata mai zuwa.